Shekarar da Tsohuwar Kankara Ta Shigo Gidanmu

Ni ban zauna aji ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, kuma na ce in an gama a karanta mani, in na ji an ƙara gishiri a yage takardar. Yanzu mun iso shekarar da kuka fi ɓata labarinta. Da kunnena na ji, a wajen wani suna, ɗaya daga cikinku tana ba baƙi labari wai ni na zauna da ɗan farina muna hira har na buɗe mashi baki ya leƙa. To ku gyara zama ku ji yadda aka yi, don bayan raina kada ku riƙa yawo da ni a bakin duniya.

A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallon idonshi, ba ta yi mashi wasa gaban mutane. Haka na taras, haka na yi, kuma da za a maido ni baya haka zan sake yi. Da aka yaye shi, mahaifiyata Iya ta zo daga Sabuwa ta goya shi ta tafi, can ya girma, can ya yi makaranta, shi ya sa kowa ke ce mashi Na-Iya. Ni ma da wannan zan kira shi a nan, sunan yanka kau kun san shi. In ya zo Faskari hutu, yakan durƙusa bakin madafa ya ce, Inna ina kwana, ni kuma in ce lafiya ina kallon murhu. Shi ke nan zancenmu. Wanda bai san kunya ba shi ke ce mata ƙiyayya. Ni na san tafiyarshi tun daga lungu, na san ya rame ko ya yi ƙiba daga ƙeyarshi, na san ranshi a ɓace yake in kwanonshi ya dawo da saura. Da Allah ya ba shi karatun likitan haƙori a birni, mutane suka cika gidan nan da murna, ni wanke-wanke na ci gaba da yi, sai dai ranar na wanke tukunya guda har ta yi ƙyalli kamar sabuwa.

Shekarar da nake faɗa maku, saura kaɗan ya gama. Damina ta yi nisa, masara ta fara goyo, sai ga Na-Iya ba lokacin hutu ba. Daga sallamarshi na san ba lafiya. Ya zauna da mahaifinku Malam a zaure, ni kuma ina bayan katanga ina tsince wake, kuma katangar gidan nan ba ta taɓa hana ni ji ba. Ya ce duk jarrabawar hannu ya ci, ta cike haƙori da ta gyaran shi, har ana nuna aikinshi ga 'yan baya. Guda ɗaya ta kada shi, jarrabawar magana.

"Magana?" in ji Malam. "Kai bebe ne? Ko da bakinka kake cire haƙorin?"

Ya ce a'a, yanzu malamansu sun ce likita ba hannu kaɗai ba ne, sai ya iya yi wa marar lafiya magana. Sukan ɗauko mutane daga gari, a koya masu ciwon ƙarya, a zaunar da su a ɗaki. Ɗalibi ya shiga ya faɗi sunanshi, ya kalli mutum a fuska, ya tambaye shi abin da ke damunshi, ya saurara, ya yi mashi bayani. Malamai suna gefe suna kallo. In lokaci ya cika a kaɗa ƙararrawa.

"To me ya gagara a nan?"

"Baba, tsohuwa aka ba ni, sa'ar Iya. Ina shiga na durƙusa."

"Ka yi daidai. Ɗan halak ke nan."

"Na ce ina kwana, ta ce lafiya. Na tambayi gajiya, na tambayi gida, na tambayi jikoki, na yi mata ya ruwa. Ita ma ta tambayi nawa mutanen. Da ta ji daga Faskari nake, ta ce ai tana da ƙanwa da ke aure a Yankara. Na ce wace unguwa."

"Sai me?"

"Sai ƙararrawa."

"Haƙorin fa?"

"Ban kai ga haƙorin ba, Baba."

Malam ya yi dariya har ya ƙware, ni ma sai da na danne baki da gefen zane. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Yaron ya ce malamai sun ce tun shigarshi har fitarshi ƙasa yake kallo, muryarshi kamar ta sauro, kuma likitan da ke tsugune ba ya ganin cikin baki. Za a ba shi dama ɗaya nan gaba kaɗan. In ya sake faɗuwa, za a maida shi baya shekara guda. Malam ya ce shi ƙarfinshi ya ƙare, ga ƙanne na tasowa, in aka maida shi baya to ya tattaro kayanshi ya zo su riƙa awon masara a kasuwar Yankara. Kun san Malam, Allah ya jiƙanshi, mai wasa ne, amma in ya yanke magana ta yanku. Daga ƙarshe yaron ya ce wata malamarsu ta ba shi shawara, ya je gida ya yi ta gwaji da mutumin da ya fi jin kunya a duniya. Daga nan na kwashe wakena na bar wurin.

Washegari aka buɗe asibiti ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Kujerun roba biyu, tocila, da cokali a madadin ɗan madubin nan nasu. Goggonku Delu, ƙanwar Malam, ta zo daga Yargoje ganin gida, ita aka ba tasa da ludayi ta zama mai ƙararrawa. Malam ne ya fara zama marar lafiya.

"Baba, me ke damunka?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi."

"Ai ciwo za ka ce, Baba."

"Ni da bakina in kira wa kaina ciwo? Allah shi kiyaye. Nemi wani."

Aka sa Goggo. Ita kau kamar jira take. Ta dafe kunci ta faɗo daga kujera tana salati, ta ce haƙorin ya soma tun shekarar da aka kai ta Yargoje, ta bi ta kan rijiyar da ta rufta, da akuyar da maƙwabta suka ƙi biya, da wata mata mai kambun baka. Kaji suka watse. Yaron ya yi ta dariya, ya ɗaga ta, ya kalle ta ido cikin ido ya maido ta kan zancen haƙori cikin dabara. Kowa ya ce ai ya iya, malaman ne ba su da adalci. Ni ina madafa ina kallo. Ana cikin haka tsohuwar maƙwabciyarmu mai koko ta yi sallama ta zo aron rariya. Kafin ta rufe baki, likitan naku ya zame daga kujera ya kai ƙasa, kai a sunkuye, murya ta mutu. A nan na ga ciwon. Da yara da abokan wasa bakinshi garau yake. Furfurar mace ce ke kashe mashi baki, don hannun Iya ya tashi, kuma Iya, lokacin tana da rai, ko limami sai ya gyara zama in ta shigo.

Delu ma ta gani. Ta leƙo madafa tana murmushi.

"Matar yaya, maganin yaron nan fa yana bakin murhu yana tuƙa tuwo."

"Delu, kin ga muciyar nan? Ba tuwo kaɗai take tuƙawa ba."

Ta fita tana dariya. Ni kau maganar ta zauna mani. Akwai kuma abin da ba wanda ya sani a gidan: tun rani matauni na sama, gefen hagu, yake sara mani har cikin kunne. Ina cusa mashi kanumfari in yi shiru, goro kuma na maida shi gefen dama. Mace mai ɗa likitan haƙori tana fama da haƙori, kuma ba halin ta faɗa. In kun ga abin dariya ne ku yi, ni ma yanzu ina yi.

Kwanaki suka yi ta tafiya ana wasan darbejiya ba a ci gaba ba. Ranar kasuwar Yankara, da hantsi, na ga Malam ya miƙa wa yaron tiya ya ce ya biyo shi ya fara ganin yadda ake yi, ko da Allah zai sa a buƙata. Yaron ya karɓa. Na bi bayanshi da kallo har ya fita, tiya a hannu, kafaɗa a sake. Ba aibu a awon masara, da shi aka ciyar da ku duka. Amma na san shekarun da yaron nan ya kwashe yana ƙona idonshi, kuma na san ba rashin ilimi zai kada shi ba, ladabi ne. A ce tarbiyyar gidanmu ce za ta maido shi gida da hannu biyu? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai dai ni ban ga yadda zan zauna gaban ɗan fari in buɗe baki ba, ko sama za ta haɗu da ƙasa. Ina tankaɗe ina juya abin, sai na tuna da abin da ya faɗa a zaure, cewa mutanen da ake kawo masu ba ciwonsu ba ne, aro suke yi. Na ce ashe haka ne. In ana aron ciwo, ai ana aron mutum.

Bayan la'asar sun dawo, an sake jera kujeru. Na ɗauki babban mayafin Delu mai ruwan ƙasa, na bi ta ƙofar baya wajen garken awaki, na zagaya lungu, na tsaya ƙofar zaure na ɗaga murya.

"Salamu alaikum! Nan ne gidan likitan haƙori? Daga Kankara nake."

Malam na tsaye da buta a hannu, ruwa na zuba kan ƙafarshi bai sani ba. Allah ya yi wa Delu albarka, ita ta fara farfaɗowa.

"Maraba da baƙuwa! Shigo, Hajiya, kin sha hanya. Ga likitan nan."

Na shiga na zauna kan kujera. Yaron ya fara sulalewa ƙasa.

"Likita, in durƙuso kake saidawa muna da shi a Kankara, ba sai na hau mota ba. Ciwo ya kawo ni. Hau kujerarka."

Ya hau, amma da rabin mazaunai. Ya buɗe baki, abin da ya fito ko kazar da ke ƙarƙashin kujera ba ta ji ba. Na ce ni kurma ce, ya ɗaga murya. Ya ɗaga, ya ce ina wuni, na ce lafiya. Ya ce ya gida, na ce lafiya. Ya ce ya mutanen Kankara, na ce ban ƙirga su ba kafin in taho. Malam ya shige ɗaki da gudu, muna jin shi yana tari. Yaron na nan yana kallon yatsun ƙafarshi har Delu ta buga tasa. Na miƙe na ce wannan likita bai iya ba, amma gobe zan dawo tunda na riga na biya mota. Na fita ta zaure, na zagayo ta wajen awaki, na rataye mayafi, na koma kan tuwona. Da ya zo wucewa ya ce, Inna sannu da aiki, na ce yauwa ina kallon murhu. Ba wanda ya ɗaga zancen, har Malam. Wannan shi ne sharaɗin da ba a faɗa ba, kuma gidan nan ya riƙe shi.

Haka tsohuwar Kankara ta riƙa zuwa kullum bayan la'asar. Mace ce mai wuyar sha'ani, ni kaina ba zan so zama da ita ba. In ya sunkuyar da kai ta ce, Likita, ciwon a ƙasa yake? In ya ja gaisuwa ta ce biyu sun isa, sauran ka ajiye wa surukanka. In ya yi mata Turanci ta ce ita ko Hausar Kano da ƙyar take ganewa. Da ya faɗi sunanshi kamar yadda aka koya masu, ta ce suna ya yi kyau, amma ita Likita za ta ce. Wata rana ta ce mashi labarin zuciya a tambayi fuska, in ba zai dubi tata ba ta tafi wajen wanzami. Sai ya ɗago. Ni da na san ƙeyar yaron nan kamar tafin hannuna, ashe akwai tabo a girarshi ta dama ban taɓa sani ba.

"Likita, me ya same ka a gira?"

"Mangwaro na faɗo a Sabuwa, Hajiya, ina yaro. Kakata ta ce kada a faɗa a gida."

"Ta kyauta," in ji tsohuwar. Ni kau a raina na ce Iya, Allah ya jiƙanki, za mu haɗu.

Gaskiya ɗaya zan faɗa game da malaman nan nasu. Da farko na raina abin. Na ce mutanen da suka rasa aikin yi su ke koya wa ɗan mutum magana da ƙararrawa. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne wai in ka yi tambaya ka yi shiru ka jira, kada ka cike wurin da surutu. Na ce wannan kuma wace irin dabara ce, shiru ai kowa ya iya. To da ita aka kama ni. Ranar ya gaishe ni gaisuwa biyu, ya zauna daidai, ya dube ni.

"Hajiya, tun da kike zuwa kina ce mani haƙorin gaba ne na ƙasa. Amma na lura goronki gefen dama kaɗai kike tauna shi. Kuma in kin yi magana ina jin ƙamshin kanumfari."

Ya yi shiru. Na jira ya ƙara wani abu in samu abin kamawa, bai ƙara ba. Na kalli darbejiya, na kalli kaji, na gyara mayafi. Yana nan yana kallona, hannu bisa gwiwa. Ni da na yi shekaru ina kashe mutane da shiru a gidan nan, ranar aka gwada mani nawa. Can na ji bakina yana cewa na sama ne, na hagu, tun rani, kuma in na sha ruwan randa kamar an soka mani tsinke. Ya nemi izini kafin ya taɓa ni, ya wanke hannu, ya haska tocila. Tsohuwar Kankara ta buɗe baki. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya kashe tocila ya ce haƙorin ya ruɓe har saiwa, cikewa ba za ta yi ba, sai an cire, kuma shi ba a ba shi izinin cirewa ba tukuna, sai asibiti. Na ce ba za a cire ba. Bai yi gardama ba, ya ce me nake tsoro. Na ce kowa ya san in aka cire haƙorin sama ido ke mutuwa. Na zaci zai yi dariya irin ta 'yan boko. Bai yi ba. Ya ce mutane da yawa suna faɗin haka, don ciwon yakan hau har gefen ido, amma hanyar haƙori daban ta ido daban, kuma barin ruɓaɓɓen shi ne abin tsoro. Ya sa na maimaita abin da na fahimta, kamar mai biya allo.

"Kina da wanda zai raka ki asibiti, Hajiya?"

"Ina da ɗa. Amma ba mu magana."

"Faɗa kuka yi?"

"Kai, Allah shi kiyaye! Na fari ne."

"Ya san kina ciwo?"

"Ba a gaya wa na fari irin wannan."

"In da ni ne shi, Hajiya, zan so a gaya mani. Ko ta bakin wani ne."

"To ai ga shi ka ji," na ce. "In kun haɗu ka faɗa mashi."

Ranar Delu ba ta buga tasa ba. Da na waiwaya tana share hanci da gefen zane, ludayin na ƙasa.

Shi ya raka tsohuwar asibitin Funtuwa, lokacin hanya ba ta lalace kamar yanzu ba. Yana gaba tana baya cikin mayafi, direban kuma ɗan unguwarmu ne, sai ce mani yake Inna sannu da jiki, ina ce mashi bai san ni ba. Aka cire, ido kuma ga shi har yau ina zare maku shi. Sai dai abin ya jawo mani magana. Mai koko ta kai labari gidan biki, ya bi motar kasuwa har Sabuwa, yayata ta aiko mani da cewa ashe bayan ran Iya na zubar da kunyar gidanmu. Ta yi shekara ba ta taka gidan nan ba. Mata sa'o'ina suka riƙa yi mani kallon wadda ta yi rawa a kasuwa. Na haɗiye, don ban ga wanda zan tsaya yi wa bayani ba, sai ku yau.

Yaron ya koma makaranta. Aka karya masara, aka yanke dawa, ba labari. Malam ya daina wasa, ni na daina cin abincin kirki na ce giɓin ne. Wata ranar Juma'a da yamma na ji tafiyarshi a lungu, kuma tafiyar ta gaya mani kafin bakinshi, amma na tsaya bayan katanga don in tabbatar. Ya ce wa Malam wata tsohuwar aka sake ba shi, mai faɗa, har tana buga tebur.

"Ka durƙusa?"

"Na rusuna dai, Baba. Gaisuwa biyu, na zauna na dube ta. Wallahi tausayi ma ta ba ni, ba ta kai ta Kankara ba ko kusa."

"Ƙararrawa fa?"

"Na gama har na raka ta bakin ƙofa kafin a kaɗa. Na ci, Baba."

Malam ya yi kabbara, ƙanne suka ɗauki ihu, Delu da ta sake zuwa ta kama rawa da tsintsiya a hannu. Ni na koma bakin murhu, don uwa ba ta murnar ɗan fari gaban mutane. Ya zo ya durƙusa inda ya saba.

"Inna, an dace."

"Madalla. A ba shi ruwa."

Na ci gaba da tuƙi. Na tuƙa, na tuƙa, murna ta taso mani, na ga in ban fitar da ita ba za ta kashe ni. Na miƙa wa Delu muciya, na fizgi mayafinta daga igiya, na bi ta wajen awaki har ina tuntuɓe da turke. Na zagaya lungu, na tsaya ƙofar zaure, na kama hanci na rangaɗa guɗar da tun ina amarya ban yi irinta ba. Maƙwabta suka fito ba takalma suna tambaya ko haihuwa aka yi. Na ce daga Kankara nake, likitana ya ci jarrabawa. Sai ga shi ya fito zaure, ya tsaya tsaye, ya dube ni a fuska gaban duk unguwa.

"Hajiya, sannu da hanya. Ya haƙorin?"

"Haƙori ya tafi, Likita. Matsa mani, ban gama ba."

Ya matsa. Na sake kama hanci.